Layar da Na Ce a Ƙona

Shekarun baya, a tsakanin karyewar sefa da korar baƙi, na yi wata zirga-zirga a garin Libreville wadda har yau in na tuna sai in ji tafin ƙafata yana zafi. Da yawa cikinku kun tambaye ni labarin tsohuwar takardar nan da na sa hotonta kwanakin baya, na ce ku bari sai na samu natsuwa. To yau jikoki sun tafi makaranta, wake na kan wuta, bari in ba ku.

A unguwar Nkembo aka haife ni. Mahaifina ɗan kasuwa ne daga Damagaram, ya zo Gabon da mahaifiyata tun zamanin da ba a tsayar da mutum a hanya a ce ina takardarka. Ya rasu ina tsakiyar karatun sakandare. Da na yi aure, maigidana yana da shago kusa da kasuwar Mont-Bouët, sai Inna ta dawo ɗakin da ke bayan namu.

Inna tana da wata ɗabi'a da ke ba ni kunya tun ina yarinya. In muka shiga kasuwa ta hangi wani tsoho mai kama da mutanen arewa, sai ta tsaya cak, kwando a hannu, ta kafa masa ido har sai mutumin ya tsargu. Wani lokaci har ta bi shi layi biyu. Sai da na girma na san dalili.

An ɗauki mahaifinta soja a yaƙin duniya na biyu, ita tana rarrafe. Bai dawo ba. Bayan yaƙi wani da ya dawo ya ce ai ya gan shi, jirginsu ya tsaya a Gabon ya sauka, ya samu mace ya zauna. Wani kuma ya ce a'a, Jamusawa ne suka kama shi. Amma kun san mutane, maganar macen ita ta fi daɗin maimaitawa, ita ta zauna. Inna ta tashi yara suna ce mata 'yar wanda ya gudu. Kakata ba ta sake aure ba har ta koma ga Allah. Ban taɓa tambayar Inna ba, amma ina da yaƙinin ranar da aka ce mata mai neman aurenta Gabon zai tafi, ba ta tsaya jin sauran bayani ba.

Ba ta san fuskarsa ba. Abin da uwarta ta gaya mata kawai, dogo ne, yana da wushirya.

"Inna," nakan ce mata, "tsohon da ya doshi tamanin ina ya ga haƙoran da za ki ga wushirya?"

"Ke dai riƙe kwandon nan ki yi min shiru, 'yar boko."

Akwai kuma laya. Wata baƙar laya ce mai faɗi, ta kai rabin tafin hannu, tana rataye a wuyanta ƙarƙashin riga. Ba ta cire ta sai za ta yi wanka. Ni kuwa a lokacin na shiga islamiyyar matan aure, na koyi hadisai uku da rabi, ina jin duk Nkembo babu mai tauhidi irina. Na sa layar nan a gaba. Safe da yamma ina yi mata wa'azi. Har ce mata na yi, "Inna, ki ba ni ita in jefa a murhu, ki ga in wani abu zai same ki." Ta dube ni ta ce, "Da kika zo duniya a wuyana kika same ta. Ki girmama ta ko don shekaru." Allah Ya yafe mana rawar kan ƙuruciya.

Sai aka wayi gari kuɗi ya karye. Shinkafa, madara, magani, duk abin da jirgi ke kawowa ya tashi sama, kuma a Libreville kusan komai jirgi ke kawowa. Fuskokin mutane suka canja. Maƙwabtan da muke musayar barkono da su suka fara gaisuwa a taƙaice. Kafin mu gama farfaɗowa daga wannan, gwamnati ta sa wa'adi: duk baƙon da ba shi da katin zama ya gyara ko ya bar ƙasa. Jandarmomi suka cika mararraba. In taksi ta tsaya, kowa zuciyarsa ta tsaya da ita.

Ni haifaffiyar nan ce, maigidana kuma takardunsa lafiya. Inna ce katinta ya mutu tun bayan rasuwar Baba, ba wanda ya kula, don ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa da gidan suna. Muka yi iya yinmu, abin ya fi ƙarfinmu. Aka tsayar za ta bi jirgin ruwa zuwa Kwatano tare da wasu 'yan garinsu, daga can mota ta kai ta Damagaram.

Ranar da maigidana ya faɗa mata, ina laɓe a bakin ƙofa ina jiran kuka. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana murza gefen tabarma, sannan ta ce, "Ba tafiyar ke damuna ba, Malam. Ƙasarmu ce. Amma na fi shekara talatin a garin da aka ce ubana yake. In na sauka a ƙofar gidanmu suka ce to, kin gan shi? In ce musu me?"

Daga ranar barci da abinci suka daina yi min daɗi. Na ce a raina, ni da na yi boko, nake rubuta wa rabin matan unguwa wasiƙa da Faransanci, a ce uwata ta hau jirgi ba ta san ko ubanta ya yashe ta ne ko mutuwa ya yi ba? Saura makonni kaɗan. Na ɗauko wani littafin rubutu, na sa takardar haihuwata a leda na cusa a rigar mama saboda jandarmomi, na shiga gari.

Ba abin da ban yi ba. Sunansa na sani, don yayana ne ya ci sunan, ko da yake a gidanmu ba mai furta shi. Na je wani ofishi suka tura ni wani, na je can aka ce mai kula da tsofaffin takardu ya fita. Na koma washegari ruwan sama ya yi min duka tun daga inda taksi ta ajiye ni. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya buɗe hannuwa.

"Madam, masu irin wannan suna a sojan wancan lokaci ba sa ƙirguwa. Lambarsa fa? Rundunarsa? Kawo min lamba ɗaya, in nuna miki inda za ki rubuta a Faransa."

Ba ni da lamba. Dogo mai wushirya, shi ke nan abin da nake da shi.

Aka ce min akwai wani tsoho mai gadi a unguwar Batterie IV, yana da tsagar mutanenmu, ba ya son a tambaye shi asalinsa. Na tafi da rana tsaka, ina bin manyan katangu karnuka suna yi min haushi ta ƙarƙashin ƙofa. Na same shi yana jiƙa rogo. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kewaye-kewaye, shi kuma ya ɗauka gwamnati ce ta aiko ni, sai rantsuwa yake katinsa na wurin maigidansa. Da ƙyar muka fahimci juna. Ashe mutumin Tawa ne, bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma bai girmi Inna da komai ba. Wahala ce ta tsofar da shi.

Aka kuma ce min akwai wata mata a unguwar Louis, wai ubanta Bahaushe ne tsohon soja. Ba wanda ya gaya min mashaya take da ita. Ku hango ni da hijabi har ƙasa, a ƙofar mashaya, ina kwaɗa sallama, kiɗa na tashi, masu shara suna kallona kamar na faɗo daga sama. Matar ta fito tana dariya, ta ba ni ruwan sanyi. Ubanta ɗan Chadi ne, ga hotonsa, gajere kamar turmi. Na dawo gida ina istigfari, maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malamar islamiyya a Louis! Bari matan ajinku su ji."

Ni ba dariya nake ba. Kullum na dawo, Inna na zaune a tsakiyar kayanta, tana ware wanda za ta tafi da shi da wanda za ta bari. Ba ta tambaya. Fuskata kawai take duba ta mayar da kai kan zannuwa. Wannan shirun ya fi tambaya ciwo. Sai in shiga kicin in ɗora tukunya in mance ban zuba gishiri ba, in fita tsakar gida in dawo ban san abin da na fita ɗauka ba.

Ma'aikacin nan ne, da na koma masa karo na uku, ya ce in je gidan da tsofaffin sojoji ke taruwa, in nemi wani dattijo da ya taɓa zama fursuna a hannun Jamusawa. Na je. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne ɗan ƙasa, Kirista, da sandarsa da carbinsu mai gicciye a aljihun riga. Na gaishe shi na ce Papa, yadda ake kiran dattawa a nan. Ina ta ɗari-ɗari, don a kwanakin ba kowane ɗan ƙasa ke son ganin irinmu ba. Ya matsa min a kan benci ya ce, "Zauna, 'yata. Wa kika ɓatar?"

Na faɗa masa komai, har da maganar macen.

Ya girgiza kai. "Mutanen Nijar ba ta nan aka mayar da su gida ba. Ta Dakar suka bi. Wanda ya ce ya ga kakanki ya sauka a nan, ko dai ya ruɗe, ko yana neman abin faɗa a bakin kasuwa."

Sai ya shiga ba ni labari, ba tare da na roƙa ba. Ya ce an kama su da yawa lokaci ɗaya, aka ware baƙaƙe daban, aka tsare su a sansanoni cikin ƙasar Faransa. Suna saran itace a daji cikin sanyin da ke fasa leɓe. Ya ce akwai Hausawa da Zabarmawa a ɗakinsu, in asuba ta yi sai ya ji su suna dukan bango da tafin hannu suna shafa fuska, don ruwan ya daskare. Shi da farko ya ɗauka haukan sanyi ne. Ya ce ba harsashi ya fi cin mutane ba, tari ne. Mutum zai fara tari yau, kafin wata biyu an ɗauke bargonsa an ba wani.

"Ban san kakanki ba," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, sansanonin da yawa. Amma na san Bature. Yana iya mancewa bai ba ka abinci ba, ba ya mancewa da takarda. In an kama mutum, takarda na zuwa garinsu. In ya mutu, takarda na zuwa. Koma ki tambayi uwarki abin da ya zo gidansu."

"Papa, ba abin da ya zo. Da ta faɗa."

"Kin tambaye ta?"

Mako nawa ina tambayar Libreville kaf, ban tambayi matar da ke bayan ɗakina ba.

Na same ta tana naɗe wani tsohon zane cikin jaka. Ko hijabi ban cire ba na ce, "Inna, bayan tafiyar mahaifinku, ba wata takarda da ta taɓa zuwa? Daga bariki, ko daga wurin kumandan?"

"Wace takarda? Wa ya iya boko a gidanmu da za a aiko masa takarda?" Ta ci gaba da naɗi. Can sai hannunta ya tsaya. Ta ce, kamar mai magana da kanta, "Sai dai abin nan."

Ta dafa ƙirjinta.

Ta ce tana ƙarama, ba ta fi tsayin turmi ba, wani dogari ya zo ƙofar gida da wata takarda a ninke, ya ce daga bariki, ta mijinki ce. Iya, haka take kiran uwarta, ta karɓa da hannu biyu. Mutanen gida suka ce a kai wa tafinta ya karanta. Iya ta ce ba inda za a kai. A ranar, ko warware ta ba ta yi ba, ta tafi wurin baduku ya ɗinke ta cikin fata, ta rataya wa Inna a wuya. Ta ce abin da ya fito daga wurin ubanki ne, shi zai tsare ki, kada ki yarda kowa ya buɗe.

Na zauna a ƙasa daɓas. "Inna, ba ayoyi ne a ciki ba?"

"Ni na ce miki ayoyi ne?"

"Shekara hamsin! Kina bin tsofaffi a kasuwa, takardar tana wuyanki!"

"Ke, sassauta murya. Laya ce. Ana buɗe laya ne?"

"A ba ni reza yanzu-yanzu."

Ta tura ta cikin riga ta ja wuyan rigar sama. "Ke da kika ce a jefa a murhu? Yau kuma ta zama abin so? Iya ta ce kada a buɗe. Ba zan saɓa mata tana kabari ba."

Kwana uku muka yi a haka. Na yi lallashi, na yi kuka, na kawo hadisi, na kawo maganar ma'aikaci da lamba. Ta ce ita ba lamba ta haife ta ba. Jirgi kuma saura kwana tara. Na kasa zama na kasa tsayuwa. In tana salla ina kallon igiyar a bayan wuyanta.

A rana ta biyu ta shiga wanka, ta rataye layar a ƙusa bakin banɗaki kamar kullum. Ina tsakar gida ina yankan kuɓewa, wuƙa a hannuna. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauke ta. Tana da ɗumin jikinta, tana ƙamshin man da take shafawa. Yanka ɗaya ya isa. Ina jin ƙarar ruwa a bokiti. Sai na tuna abin da maigidana ya ce min da safe yana sa takalmi: "Ubanta ne, ba naki ba. In kin buɗe ba da yardarta ba, duk abin da ke ciki ke kika yi mata shi." Na mayar da ita kan ƙusa. Da ta fito ta ɗauka, ta juya ta, ta dube ni. Na rataye ta ne a juye, kuma Inna ba ta rasa ganin irin wannan.

Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina wanke-wanke, sai ga ta tsaye a kaina da sabuwar reza a cikin takardarta.

"Wanke hannunki," ta ce. "Jiya kin iya, ba ki yi ba. Zo ki yanka."

Muka zauna a tabarma a bakin ƙofarta inda haske yake. Na yi bisimilla. Baƙar fatar waje ta nan garin ce, don damshin Libreville na cin fata, duk bayan 'yan shekaru sai ta kai an ƙara mata sabuwar riga a kan tsohuwa. Na yanka na samu wata a ciki. Na yanka wannan, ga wata. A ƙarƙashinsu har da ledar da wani mai dabara ya naɗa. Inna na faɗa min, wannan shekarar da aka haife ki ce, wannan kafin mu taso ne. Can ciki sai ga jar fatar Damagaram, ta yi laushi kamar tsumma, ɗinkin ƙanana-ƙanana. Inna ta sa yatsa ta shafa ta. "Wannan ita Iya ta taɓa."

Takardar ta ninku sau da yawa, ta yi launin shayi. Na riƙa buɗe ta da bakin reza, ina tsoron numfashina ma ya yaga ta. Gefuna sun ci, amma tsakiya na nan. Bugun inji ne, da wuraren da aka cike da alƙalami, da hatimi a ƙasa. Idona ya riga bakina. Na karanta layi uku na tsaya.

Inna ba takardar take kallo ba, ni take kallo.

"Kada ki gyara min," ta ce. "Yadda yake za ki faɗa."

Na fara da sunansa. Sunan da ban taɓa jin an furta a gidanmu ba, na faɗe shi a gabanta da sunan ubansa, na ga ta runtse ido. Ga lambarsa. Ga rundunarsa. Sannan na juya mata sauran da Hausa, kalma bayan kalma: ana sanar da iyalinsa cewa ya rasu yana tsare a hannun abokan gaba, a asibitin sansani, da ciwon ƙirji, an kuma binne shi a maƙabartar garin da aka rubuta.

Ta tambayi shekarar, na faɗa mata. Ta yi lissafi da yatsu.

"Ina shekara huɗu ke nan." Ta ja numfashi. "Ashe bai gudu ba."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, kamar akwai wasu a tsakar gidan da take so su ji. "Ashe bai gudu ba!" Sai ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta kifa kai a cinyata. Tunda nake ban taɓa riƙe kan uwata tana kuka ba sai ranar. Mace mai jikoki, tana kukan marainiyar da aka yi wa rasuwa da safen nan.

Da la'asar ta wanke fuska ta ce a sanar da mutane, za ta zauna karɓar gaisuwa. Maigidana ya ce, "Inna, a wannan yanayin? Taro fa hatsari ne." Ta ce, "Ubana ya rasu, Malam. Ba a yi masa zaman makoki ba." Ya fita neman tabarmi.

Mutane suka zo, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, wasu ta ƙofar baya. Rabinsu su ma kayansu a ɗaure. Aka zauna a tsakanin jakunkuna da kwalaye ana Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta, ga mutumin da ya rasu tun kafin a haifi yawancinsu. Na soya waina aka raba sadaka.

A rana ta uku muna zaune sai aka buga ƙofa da sanda. Wata maƙwabciyarmu ta leƙa ta kafar ƙofa ta ga hular soja da lambobi suna walƙiya, ta ce, "Sun zo!" Kafin ka ce me, tsakar gida ta watse. Wata ta shige ƙarƙashin gadona, wata ta rufe kanta a banɗaki, wata baiwar Allah da ke kukan ciwon gwiwa tun shekarar da na san ta, sai ga ta a kan katanga. Na buɗe ƙofa. Dattijon nan ne. Na aika masa da labari, shi ne ya sa kakinsa na da, wanda ya yi masa yawa yanzu, ya hau taksi ya zo.

Da aka gama fitowa ana dariya ana haki, ya tsaya a gaban Inna, ya jingine sandarsa, ya ƙame ya sara mata. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce min, "Tambaye shi. An yi masa salla?"

Na tambaye shi. Ya ce shi ba ya wurin, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Amma a nasu sansanin, in Musulmi ya mutu, 'yan'uwansa sukan roƙi masu gadi a bar su su wanke shi, su yi sahu a tsaye cikin sanyi, ba ruku'u ba sujada. Ya ga haka ba sau ɗaya ba. Wani lokaci kuma ba a bari.

Raina ya so in yanke wannan na ƙarshen. Na tuna ta ce kada in gyara mata, na faɗa mata duka.

Ta gyaɗa kai. "Ya isa. Wanda bai yi min ƙarya a wannan ba, na yarda da sauran. Ce masa Allah Ya saka." Ta sa aka cika masa leda da waina.

Ana gobe za ta tafi, na kai takardar aka ɗauki hotonta, shi ne wanda kuka gani. Da na dawo Inna ta miƙo min jar fatar nan da allura. "Mayar min da ita." Na zauna na ɗinke da hannuna, ni ɗin nan mai hadisai uku da rabi, na rataya mata a wuya. Ta ce, "To malama, ba za a ƙona ba?" Na ce, "Inna, ki bar ni da abin da ya ishe ni."

A bakin tashar jirgi mutane kamar ƙasa, ga kaya, ga kuka, ga rana. Inna ta shiga layi da jakarta a ka. Na lura da wani abu da ban faɗa wa kowa ba sai yau: akwai tsofaffi birjik a wurin, dogaye da gajeru, ba ta kalli ko ɗaya ba.

Daga baya aka aiko mana cewa kwana biyu da saukarta ta sa aka kira wani malamin makaranta, ta tara dangin ubanta a ƙofar gida, ta sa aka sake farke layar aka karanta a gaban kowa. Ni kuma da lambar na rubuta Faransa, amsa ta zo bayan fiye da shekara, da hoton farin dutsen kabarinsa a cikin jerin duwatsu. Na aika mata. An ce a ƙarƙashin matashinta aka same shi ranar da ta rasu.

Har yau ra'ayina game da laya bai canja ba, ban rataya wa 'ya'yana ba, ban rataya wa jikokina ba. Abin da ya canja shi ne bakina. Na yi shekaru ina yi wa abin nan wa'azi, ban taɓa cewa Inna me ke ciki, wa ya ba ki ba. Da ta gaji da ni rana ɗaya ta miƙo min, da na ƙona kakana da hannuna ina jin na yi aikin lada.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa kakata ce. Ban san ta ba. Nakan zauna in yi ta juya abin: ta san me ke cikin takardar nan? Matan wancan lokaci sun san dogari ba ya kawo takardar bariki don alheri. Ina jin ta sani, ko ta kusa sani, ta ga in dai ba a karanta ba to yana nan da rai a wani wuri, ko da a ce da wata macen yake. Ta zaɓi a yi mata gori da a ce mata ya mutu. Da ina yarinya da na ce wauta ce. Yanzu da nawa maigidan ya riga ni gidan gaskiya, takalmansa na nan a bayan ƙofa inda ya cire su, ban bari kowa ya ɗauke ba.

Allah Ya jiƙansu gaba ɗaya. Bari in je in duba waken nan, ina jin ƙauri.